Kafin a shiga layin gidan ramen, a tambayi abin da ke cikin tukunya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida tamu domin mu yi tsokaci kan wani abinci da bidiyonsa ya cika wayoyin matasanmu, wato taliyar Japan da ake kira ramen. Kusan kullum sai ka ga an ɗora mutum zaune a wani ɗan lungu na katako shi kaɗai, an ɗaga asabari an miƙo masa kwano yana tururi, a ƙasa kuma jama'a suna ta rubuta "Allah ya kai mu." Gidan da ake nunawa a yawancin bidiyon nan shi ne Ichiran, wanda asalinsa daga birnin Fukuoka ne a kudancin Japan, yanzu kuma yana da rassa a Tokyo da Osaka da Hong Kong da Taipei da New York. Tun da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu masu sayo motoci da kayan gyara suna zuwa Japan, kuma gidajen irin wannan taliya sun bazu har Dubai da Landan, ya kamata masu sana'ar girki su faɗi abin da bidiyon ba ya faɗa.

Ichiran abu ɗaya ya shahara da shi, shi ne tonkotsu, romon ƙashin alade. Gidan bai ɓoye ba, da shi ma yake tallar kansa. Inda baƙo yake ruɗewa shi ne takardar da ake miƙa masa idan ya zauna. A jikinta zai zagaye abin da yake so: ƙarfin ɗanɗano, yawan maiƙo, tafarnuwa, albasa, yawan jan yaji, taurin taliya, sai kuma layin da ke tambayar ko a sa yankan nama ko kada a sa. Mutum sai ya zagaye "kada a sa" ya ɗauka ya tsira. Alhali yanka biyu ne kawai aka ɗauke daga sama, romon da taliyar ke iyo a ciki kuwa yana nan yadda yake. Kuma ba gidan nan kaɗai ba. Ippudo, wanda shi ma a Fukuoka aka kafa shi a 1985, a kan romon nan ya yi suna, haka akasarin gidajen da ke rubuta Hakata, sunan wani yanki na Fukuoka, a allonsu.

Kwanon ramen abu biyar ne ake haɗawa a cikin minti ɗaya ko biyu: romo, da ruwan ɗanɗano mai gishiri da suke kira tare, da man ƙamshi, da taliya, da kayan sama. Kowanne daban ake shirya shi, wani tun jiya, wani tun makon jiya. Wanda ya dubi kayan sama kawai ya duba kashi ɗaya ne cikin biyar.

Romon shi ne kan gaba. Ana jiƙa ƙasusuwan cinya da na baya, wasu gidajen har da kai da ƙafafu, a tafasa su na minti 15 zuwa 20 a zubar da ruwan farko, a wanke daskararren jini, sannan a mayar a wuta mai ƙarfi. Tafasar ba ta tsayawa, awa 12 har zuwa 18, ana ƙara ruwa ana motsawa. Wannan tafasa mai ƙarfi ita ke farfasa kitse da ɓargo su gauraya da danƙon da ke fita daga jijiya da guringuntsi, har romon ya koma fari kamar an zuba madara. Idan wuta ta yi sanyi, man sai ya rabu ya taso sama, romon ya zama ruwa-ruwa. Idan aka bar ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya shiga, aikin kwana guda ya tafi ke nan. Saboda haka duk kukun da ka ce wa ya yi maka naka ba alade, ba rowa ce ta hana shi ba. Tukunya ɗaya gare shi, kuma tun jiya take kan wuta.

Farin romo ba lallai ne na alade ba. Ana yin irinsa da kaza, suna ce masa tori paitan, kuma shi ne akasarin gidajen halal ke sayarwa. Ƙashin kaza kilo 2 da ƙafafun kaza kilo 1 a ruwa lita 6, wuta mai ƙarfi na awa 6 zuwa 8, a farfasa ƙasusuwan da muciya a tsakiyar dahuwa, a tace, za a samu wajen lita 3 na romo mai kauri. Ƙafafun su ne sirrin, domin su ke ba da danƙo. To amma a nan ma akwai tarko. Gidaje da yawa da ke rubuta "ramen na kaza" ko "na kifi" suna jefa ƙashin alade ko fatarsa a tukunyar don ƙara jiki, wasu kuma romo biyu suke dafawa daban su haɗa a kwano, ludayi ɗaya na busasshen kifi, ludayi ɗaya na dabba. Romo garai-garai mai launin shayi, wanda ake dafawa a wuta kaɗan ba a bari ya tafasa sosai, shi ma sau da yawa haɗin kaza da alade ne. Launi ba ya ba da shaida. Ko kazar ce zalla, maganar yanka tana nan, tun da kazar da ke kasuwar Japan ba yankan Musulmi ba ce sai wadda aka rubuta a jikinta.

Romon nan ba gishiri a cikinsa ko kaɗan. Gishirin yana cikin tare, wanda ake zubawa a ƙasan kwano kafin komai, wajen mililita 30 ga romo mililita 300 zuwa 350. Iri uku ne: na ruwan waken suya mai duhu da suke kira shoyu, na gishiri zalla wato shio, da na miso, markaɗaɗɗen waken suya da aka tsima. Idan ka ga waɗannan sunaye a allo, ɗanɗanon suke gaya maka, ba su ce komai ba game da ƙashin da aka dafa. Mai neman shio don ya ji an ce gishiri ne kawai yana iya samun kansa da romon alade mai gishiri. Sannan shi kansa ruwan "tare" ɗin ba safai ake yin sa babu "sake" da "mirin" ba. Sake giyar shinkafa ce mai ƙarfin wajen kashi 15 cikin 100, mirin na asali kuma giya ce mai zaƙi mai wajen kashi 14. A gidaje da dama, ruwan da aka dafa naman alade a ciki shi ake tacewa a ƙara a cikin ruwan "tare" ɗin, domin ba a zubar da shi.

Za a ce maka ai barasar tana ƙonewa a wuta. Tana raguwa, amma ba ta tafiya da sauri kamar yadda ake zato. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa sun nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa wajen kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5. Gaskiya ne cewa abin da zai rage a kwano ɗaya kaɗan ne ƙwarai, tun da an tsinka shi da romo ninki goma. Hukuncin wannan, da na ɗan abin da ke samuwa a cikin shoyu ta hanyar tsimi, na malamai ne. Namu shi ne a kai musu tambayar da bayani daidai.

Man ƙamshi cokali ɗaya ne ko biyu, amma shi ne abin da hanci ke fara ji. Wani gidan man kaza yake sawa, wani kitsen alade da aka soya albasa ko tafarnuwa a ciki. Farin ɗige-ɗigen da ake gani yana yawo a saman wasu kwanuka kitsen bayan alade ne da aka dafa aka tura ta rariya. Ramen ɗin miso na Sapporo, babban birnin tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, kuwa a kasko ake fara shi, a soya kayan lambu da niƙaƙƙen nama a kitsen alade, kuma man da ke rufe saman kwanon shi ke hana romon hucewa a sanyin Hokkaido. A kayan sama, ƙwan nan mai ruwa-ruwan gwaiduwa da ke ɗaukar ido a hoto ana dafa shi minti 6 da rabi zuwa 7, a tsoma a ruwan ƙanƙara, a ɓare, sannan ya kwana a ruwan shoyu da mirin, sau da yawa ma a ruwan dahuwar naman. 'Yan ƙananan fanke masu ƙunshe da nama da ake kira gyoza, waɗanda ake ci a gefe, asalin cikinsu alade ne da kabeji.

Taliyar ce ta fi sauƙin sha'ani: fulawa, ruwa, gishiri, da wani sinadari da ake kira kansui, wajen gram 1 ga fulawa gram 100. Aikinsa ɗaya ne da na kanwa a ɗanwake, shi ke sa ta danƙo da santsi, shi ke ba ta launin rawaya ko ba ƙwai. Wanda ya san Indomie kawai kada ya ɗauka abu ɗaya ne. Waccan an turara ta an soya an busar, dabarar da Momofuku Ando ya fito da ita a 1958, wannan kuwa ɗanya ce ake jefawa a ruwan zafi lokacin da ka zauna.

To me baƙo zai yi? Kada ya tambaya ko akwai naman alade, domin amsar da zai samu game da yankan da ke sama ce, kuma za a ba shi ita da zuciya ɗaya. Ya tambaya game da romo, da mai, da tare, ɗaya bayan ɗaya, tun kafin ya sayi tikitin abincin a bakin ƙofa. Ya adana harafin 豚 na alade da 酒 na giya a wayarsa don ya gane su a allo ko a jikin leda. Idan aka ce akwai, ya yi godiya ya wuce, ba wurin ciniki ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce neman gidan da ke da takardar shaidar halal, kuma akwai su a unguwanni irin su Asakusa da Shinjuku a Tokyo, da Kyoto da Osaka. Sai dai a lura: Japan ba ta da hukuma guda ta gwamnati mai ba da wannan shaida, ƙungiyoyi ne da masallatai daban-daban, kuma akwai bambanci tsakanin gidan da kicin ɗinsa gaba ɗaya halal ne da wanda ya rubuta cewa yana maraba da Musulmi. Na biyun yana iya nufin kwano ɗaya ne aka ware, amma ruwan dafa taliya da ludayi da matsami na kowa ne, giya kuma tana kan tebur. Ramen na masu cin ganye ya fid da kai daga maganar alade da yanka, bai fid da kai daga mirin ba.

Abin sha ma yana da nasa tarkon, kuma a ganinmu ya fi na abinci saurin kama baƙo. Ruwan sanyi kyauta ne a kowane gidan ramen, a Ichiran har famfo ne a gaban kowace kujera. Wasu gidajen suna ajiye mugicha, shayin gasasshen sha'ir mai sanyi, ba sukari ba barasa. Daga nan sai a buɗe ido. Duk abin shan da sunansa ya ƙare da "hai" ko "sawa" giya ce. Uron-cha shayi ne tsantsa, uron-hai kuwa shayin ne aka zuba masa shochu, barasa mai ƙarfin kashi 20 zuwa 25, kuma a kofi launinsu ɗaya, ƙanƙararsu ɗaya. Remon-sawa ba ruwan lemon tsami ba ne, shochu ne da soda da lemo. Haiboru wuski ne da soda. Umeshu, wanda ma'aikaci zai iya kwatanta maka da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi, giya ce. Calpis abin sha ne na madara mai ɗan tsami da yara ke sha, amma da zarar an ƙara masa "sawa" a baya ya tashi daga na yara.

A kantunan kan hanya abin ya fi haɗari, domin gwangwanayen chuhai suna ɗauke da hoton lemo da inabi da abarba kamar kowane lemon gwangwani, alhali wasu suna kai kashi 9. Ana gane su da alamar お酒 a cikin da'ira a jikin gwangwanin, da kuma 'yan ƙuraje na rubutun makafi a saman murfin, kusa da wurin buɗewa. Sannan dokar Japan ba ta lissafa abin da barasarsa ba ta kai kashi 1 ba a matsayin giya, don haka mai son kauce mata gaba ɗaya ya nemi inda aka rubuta 0.00%. Wanda ya tambaye mu abin da ya fi dacewa da romo mai maiƙo, uron-cha mai sanyi ne, domin ɗan baurinsa yana wanke maiƙon daga harshe. Lemon kwalba mai sukari yana kashe ɗanɗanon romon da aka kwana ana dafawa.

Idan an dace da gidan da ya halatta, cin ma da ƙa'idarsa. A yawancin ƙananan gidaje na'ura ce a bakin ƙofa, ka sa kuɗi ka danna ta ba ka tikiti, kuma da dama tsabar kuɗi kawai suke karɓa. Kwano yana sauka a fara ci. Siririyar taliya irin ta Hakata ba ta wuce minti ɗaya a ruwan zafi, mai son ta da tauri ma daƙiƙa 20 zuwa 30 ake yi masa, kuma tana ci gaba da dahuwa a cikin romon. Wanda ya tsaya ɗaukar bidiyo na minti biyar zai ci taliyar da ta kumbura ta saki, ya fito yana cewa zuzuta abin ake yi. Saboda wannan saurin jiƙewa ne ba a cika kwanon da taliya, wajen gram 100 zuwa 120 ake sawa, mai son ƙari ya nemi kaedama, a kawo masa sabon dunƙule ya juye a sauran romonsa. Don haka kada a shanye romon kafin ƙarin ya zo. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin ladabi ba ne a can, iskar tana sanyaya ta. Zama a yi hira bayan an gama shi ne rashin ladabin, ga mutane tsaye a waje.

Ana gane gidan da ya iya aikinsa da ƙananan abubuwa. Kwanon kansa ya zo da zafi, domin kwano mai sanyi yana sace zafin romo nan take, man ya fara daskarewa a gefe. A kaɗe taliyar sosai daga matsami, in ba haka ba ruwan dahuwa mai ɗanɗanon kanwa ya tsinka romon. Ruwan dafa taliyar ya zama ana sauya shi, don idan ya yi kauri da gari taliyar takan fito da yauƙi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuma ya sani cewa kwano ɗaya da romonsa yakan kai gram 5 zuwa 7 na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai gram 5 a yini. Mafi yawansa a romon da aka haɗa da "tare" yake, kuma barin rabin romo a kwano ba laifi ba ne.

Game da layin da ake ta nunawa, tsawonsa ba ma'aunin daɗi ba ne. Tsuta, gidan ramen na farko da ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a ƙarshen 2015, kujeru 9 ne gare shi a lokacin a unguwar Sugamo. Wurin da ke da kujeru 9, ko mutum 30 suka zo sai an ga layi har kan titi. Manyan gidaje masu rassa da yawa kuwa abin da suke sayarwa shi ne tabbacin cewa kwanon yau daidai yake da na jiya, a kowane reshe. Ƙwarewa ce babba, amma 'yan ƙasar da yawa za su nuna maka wani ɗan shago a lungu su ce nan ne nasu. Lungun katako da asabarin da ba ka ganin fuskar mai kawo maka abinci su suka fi jan masu ɗaukar bidiyo.

Mai zuwa Guangzhou ko Yiwu sayayya kuwa, taliyar da ta dace da shi tana nan kusa da masaukinsa, wataƙila yana wuce ta kullum a unguwar Xiaobei ta Guangzhou. Ita ce taliyar naman shanu ta Lanzhou, wani birni a arewa maso yammacin China, wadda ake danganta tsarinta ga wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi a 1915, kuma da yawan masu shagunanta a faɗin China Musulmi ne daga Hualong ta lardin Qinghai. Romon ƙashi da naman shanu ne da ake dafawa a wuta kaɗan ana kwashe kumfa har ya yi garai, da citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi. Abu biyar suke dubawa: romo garai, farin yankan wata saiwa mai kama da karas, jan man barkono, koren ganye, da taliya mai ɗan rawaya. A gabanka ake jan ta da hannu, duk ninki ɗaya silin ya ninka, ninki 7 ya ba da 128, kuma kai za ka zaɓi kauri, daga mai sirantar gashi har mai faɗin ɗamara. A Lanzhou abincin safe ne, romon farko shi ake rububi, shaguna da yawa kan rufe da rana. A nan ma kada a dogara da hoton saniya a allo, domin ba duk mai jan taliya ne Musulmi ba. A nemi harafin 清真, wato halal, tun da a 'yan shekarun nan an sauke rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa a China. Gidajen da suka riƙe ƙa'ida ba sa sayar da giya, ba sa yarda a shigo da abincin waje, abin shansu shayi ne, a arewa maso yamma har da wanda ake jiƙawa da busassun 'ya'yan itace da dunƙulen sukari a kofi mai murfi.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar girki, Kano